Wasiƙa zuwa ga Yaya, bayan jarrabawar da ta sa na yi shiru

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yaya fama da ɗalibai? Ni ma ina nan lafiya a Amurka, alhamdu lillahi.

Na san ranka ya ɓaci, kuma kana da gaskiya. Wata uku ke nan in ka aiko saƙo sai in mayar da kalma biyu in yi shiru. Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a kuwa sau huɗu na saurare shi. Abu uku ka tambaya: yaushe zan gama wannan karatu na digirin digirgir da ya ƙi ƙarewa, in na gama likita zan zama ko me, sannan ɗiyarmu da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta ce sahuna za ta bi, me ake bukata. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da ka ga Inna za ta so ji ka karanta mata.

Bari in fara da dalilin shirun. Na faɗi ɓangare ɗaya na babbar jarrabawarmu, ban gaya wa kowa a gida ba. An ba ni dama ta biyu, wadda daga ita babu wata. Na sake zama a farkon watan nan, shekaranjiya sakamako ya fito, na ci. Zan ba ka labarinta, amma sai ka fara sanin abin da ake jarraba mu a kai.

Ba likita zan zama ba, Yaya. Ba zan duba majinyaci ba, ba zan rubuta magani ba, doka ma ba ta ba ni wannan ikon ba. Likitan ƙwaƙwalwa mutum ɗaya ne a gabansa, yana neman abin da ke damun wannan bawan Allah. Mu kuwa gari guda ko ƙasa guda muke sawa a gaba: mutum nawa ne ke ɗauke da wannan lalura, su wa ta fi kamawa, a shekara nawa take farawa, me ke jawo ta, kuma cikin masu ita nawa ne suka taɓa samun magani. Ilimin bin diddigin cututtuka a cikin al'umma ke nan, irin wanda John Snow ya yi a Landan a 1854, da ya bi gida-gida yana ƙirga waɗanda kwalara ta kashe har ya gano famfon da ke rarraba ta. Mu lalurorin ƙwaƙwalwa muke bi: ciwon damuwa, fargaba, shaye-shaye, sikizofireniya (ciwon da ke rikita tunanin mutum, har ya riƙa jin murya ko ganin abin da babu), kashe kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wajen miliyan 970, yana fama da wata lalura irin wannan. Masu irin karatuna ne suka haɗa wannan adadi.

Ga inda wahalar take. Kwalara ana ganin ƙwayarta a ɗakin gwaji, zazzaɓin cizon sauro ana kama shi a ɗigon jini. Ciwon damuwa ba shi da gwajin jini, ba ya fitowa a hoto. Sai dai a tambayi mutum, a saurare shi, a yanke hukunci. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wannan fage an gwada ido, an ga bai isa ba. A ƙarshen shekarun 1960 an lura asibitocin Niyok suna rubuta wa majinyata sikizofireniya fiye da na Landan nesa ba kusa ba. Da aka sa ayari ɗaya na likitoci suka duba majinyatan biranen biyu da tambayoyi iri ɗaya, sai mafi yawan bambancin ya ɓace. Ashe ba ciwon ne ya fi yawa a Niyok ba, mudun ne ya bambanta. Wannan na cikin abin da ya sa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na uku na kundinta, DSM, a 1980, aka jera alamomin kowace lalura ƙarara. A bugun da muke aiki da shi yanzu, ciwon damuwa mai tsanani yana da alamomi tara. Sai an sami aƙalla biyar, sun ɗauki mako biyu, kuma a cikinsu akwai baƙin ciki mai ɗorewa ko fitar daɗin abin da mutum ya saba jin daɗinsa.

Da aka sami wannan mudu sai aka fita da shi daga asibiti zuwa gidajen mutane. A farkon shekarun 1980 an yi wa mutum wajen 20,000 tambayoyi a wurare biyar na Amurka, ciki har da Baltimo da Los Anjeles, da takardar tambayoyin da Lee Robins da abokan aikinta suka tsara don wanda ba likita ba ma ya iya karanta ta. Tsakanin 1990 da 1992 Ronald Kessler ya jagoranci bincike na ƙasa baki ɗaya a kan mutum sama da 8,000, aka ce kusan rabi sun taɓa yin wata lalura a rayuwarsu. Jama'a suka yi ca, wasu suka ce mudun ya cika faɗi. Daga baya aka kai irin waɗannan tambayoyi ƙasashe da dama a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. A Amurka aka sami kashi 47 cikin ɗari, a Najeriya, inda Oye Gureje ya jagoranci aikin, kashi 12. Kai malamin lissafi ne, ka dubi wannan tazara. Shin da gaske wani wuri ya ninka wani kusan sau huɗu, ko tambayar ce ba ta isa kunnen mutane yadda aka nufa ba, ko kuwa mutane ba sa faɗa wa baƙo abin da ke zuciyarsu? Duk sharuɗɗan da aka ɗora mana, da kwasa-kwasan da jarrabawar, don a tabbatar ne in irin wannan tambaya ta zo gabanmu ba za mu amsa da son rai ba.

Yanzu maganar ɗiyarmu. Ka gaya mata ba dole ne sai mutum ya yi likitanci ba. A ajinmu akwai likita, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai waɗanda suka karanta ilimin halayyar ɗan'adam, akwai wanda ya fito daga lissafi zalla. Abin da ake dubawa a takardar sakamakonta shi ne ko ta taɓa lissafi da ƙididdiga da ɗan ilimin halittu, kuma yaya ta yi a cikinsu. Yawancin makarantu suna son makin da ya kai 3.0 a ma'aunin 4.0, kuma tun da ma'aunin kowace ƙasa daban ne, sai an aika takardun wata hukuma irin WES ta juya su zuwa na Amurka. Wannan yana cin lokaci, ta fara da wuri. Sai jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, in ba a yafe mata ba. GRE kam, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, makarantun lafiyar al'umma da yawa sun daina nema. Sai wasiƙu uku daga malaman da suka san aikinta, da takardar da za ta bayyana dalilinta da bakinta. Yawancinsu ta kafa ɗaya ake neman gurbi, sunanta SOPHAS, kuma na digirin digirgir akan rufe karɓa a watan Disamba, a fara karatu a Agusta ko Satumba mai zuwa.

Abin da ban sani ba sai da na zo: da wuya ka ga digiri mai wannan suna a rubuce. Galibi ana shiga sashen bin diddigin cututtuka ne, sannan a zaɓi ɓangaren ƙwaƙwalwa a ciki. Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo tana da sashe guda na lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantarta ta lafiyar al'umma, Jami'ar Columbia a Niyok tana da daɗaɗɗen shirin horarwa a wannan fanni, a Ingila kuma akwai cibiyar King's College a Landan. Amma ta nemi malami tukuna kafin suna: ta duba wa ke aiki a kan abin da ya dame ta, ta karanta abin da ya rubuta, ta rubuta masa.

Digiri na biyu iri biyu ne. MPH mai faɗi ne, yana taɓa komai na lafiyar al'umma, a makarantun da aka tantance ba ya kasa kiredit 42, kuma dole a fita a yi aiki a wata hukuma ko asibiti. MS ya fi karkata ga bincike, ana gama shi da kundi. Wanda ke hangen digirin digirgir, a ganina MS ya fi masa, shi na yi, shekara biyu. Yawancin sassan ba sa ɗaukar mutum digirgir sai yana da ɗaya daga cikin biyun.

Shekara biyu na farko na digirgir a aji ake yin su. Kwasa-kwasan hanyoyin bincike suna bin juna, ba a tsallake ɗaya. A nan ake koyon bambancin yawan masu ɗauke da ciwo a yau da yawan sababbin kamuwa a shekara. Bambancin yana da muhimmanci, don ciwon da ba ya kisa da wuri kuma ba ya warkewa da wuri yakan taru ya yi yawa ko da sababbin kamuwa kaɗan ne. Ana koyon bin rukunin mutane shekara da shekaru a ga wa zai kamu, da kuma ɗaukar masu ciwo da marasa shi a waiwayi abin da ya wuce. Kusa da su akwai ƙididdiga zango bayan zango, da rubuta umarni ga kwamfuta a R ko SAS ko Stata. A sashenmu in ka sami ƙasa da B a kwas na dole sai ka maimaita. Akwai kwas na sanin lalurorin kansu, inda muke karanta DSM da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. Akwai na gado da ƙwayoyin halitta, inda aka nuna mana cewa ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu da sikizofireniya, sau da yawa ɗayan yana tsira. Gado yana da ƙarfi ƙwarai a wannan ciwo, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Kwas ɗin da ya fi shiga raina shi ne na aune-aune, kuma na san zai burge ka. Akwai takardar tambayoyi tara ta auna ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, galibi wanda ya kai 10 ana cewa a duba shi sosai. Ga lissafi ka gwada wa ɗalibanka. A ce mutum 1,000 ne, 50 a cikinsu suna da ciwon da gaske. A ce kuma takardar tana kama tara cikin goma na masu ciwo, tana wanke tara cikin goma na masu lafiya. Za ka ce mudu ne mai kyau. To cikin 50 ɗin za ta kama 45. Cikin 950 masu lafiya kuwa za ta yi kuskure a kan 95. Jimillar waɗanda ta nuna 140, amma 45 kaɗai ke da ciwon, wato kusan ɗaya cikin uku. Wanda bai san wannan ba sai ya fito ya ce kashi 14 cikin ɗari ne ke fama, alhali 5 ne, kuma a kan maganarsa hukuma za ta raba kuɗi da ma'aikata. A kwas ɗin ne kuma muke auna ko likita biyu da suka ga majinyaci ɗaya za su yarda da juna, bayan an cire yardar da ka iya faruwa bisa dace kawai. Jacob Cohen ne ya kawo lissafin a 1960, ana ce masa kappa.

Sai maganar sanadi, wadda ita ce ƙashin bayan jarrabawar. Ba a iya ɗaukar mutane a sa musu yunwa ko talauci don a ga me zai faru, sai dai a jira tarihi ya yi nasa. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin Holan. Ƙasa ce mai ajiye rajista, an san watan da yunwar ta tsananta da ranar da ta ƙare. Bayan shekaru da dama Ezra Susser da abokan aikinsa suka bi 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, suka tarar haɗarin sikizofireniya a cikinsu ya kusan ninka biyu. Da aka duba yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961 aka sami irin haka. A Suwidin kuma an tambayi samari sama da 45,000 da aka kira aikin soja a 1969 da 1970 ko suna shan wiwi, aka bi su shekara 15. Waɗanda suka sha fiye da sau 50 haɗarinsu ya ninka shida. Amma aikinmu shi ne mu tsaya mu ce: ko ciwon ne ya fara motsi tun kafin a gane, shi ya tura yaron ga wiwi? Ko akwai wani abu na uku a ɓoye da ke jawo duka biyun? Da masu binciken suka cire tasirin irin waɗannan, adadin ya ragu sosai amma bai ɓace ba.

To ga jarrabawar. Ana yin ta ne bayan an gama kwasa-kwasai, kuma ita ke raba ɗalibi da ɗan takarar digirgir. A sashenmu kashi biyu ce. Na farko yini guda a zaure, babu littafi, shi na ci tun karon farko. Na biyu a ba ka tarin bayanai da tambaya, ka tafi da su mako guda, ka dawo da rahoto. Bayanan da aka ba ni na matasa ne da aka bi shekaru ana auna damuwarsu. Wasu da dama sun ɓace a hanya, ba su dawo zagaye na ƙarshe ba. Ni kuwa na cire su, na yi lissafina da waɗanda suka rage, komai ya fito tsaf, na rubuta sakamako da ƙarfin gwiwa. Masu dubawa suka mayar mini da tambaya ɗaya: su wa suka ɓace? Da na koma na duba, waɗanda suka fi kowa rashin lafiya ne tun zagayen farko. Wanda damuwa ta kwantar ba ya ɗaga wayar mai bincike, ba ya buɗe ƙofa. Na zubar da mutanen da aka yi binciken dominsu, na ba da labarin masu sauƙi kamar na kowa ne. Sun yi daidai da suka kayar da ni, Yaya. Na yi kuka, na kwana biyu ban fita ba, sannan na koma na zauna da darasin bayanan da suka ɓace wata biyu cur, ina koyon yadda ake ƙiyasta su da yadda ake nuna wa mai karatu iyakar abin da ka sani. Ban gaya muku ba don na san Inna ba za ta yi barci ba.

Abin da ya rage yanzu shi ne kundi, kuma shi ma hawa-hawa ne. Zan haɗa kwamiti na malamai huɗu ko biyar, da mai duba aikina a gaba, da masanin ƙididdiga, da wani daga wajen sashenmu. In rubuta tsarin binciken, in tsaya gabansu in kare shi da baki. Kafin in yi wa mutum ɗaya tambaya, sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince. Da na zo na ɗauka takardu ne kawai, har aka koya mana abin da ya faru a garin Tuskegee na Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata ɗaruruwa da ciwon tunjere, wato sifilis, ba magani, don a ga yadda zai ƙare da su. Daga nan ƙa'idojin yau suka samo tushe. A namu fannin abin ya fi tsauri, don tambaya ta tara a PHQ-9 a kan tunanin mutuwa ce. Dole in rubuta dalla-dalla me zan yi in wani ya amsa da e, wa zan kira, cikin minti nawa. Kundin kansa a sashenmu maƙala uku ce, kowace a matsayin da mujallar masana za ta iya bugawa, sai gabatarwa da rufewa. Daga nan sai kariya ta ƙarshe a bainar jama'a. A gefe ina koyarwa, don shi ma sharaɗi ne. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: shekara biyu zuwa biyu da rabi nan gaba, in Allah ya yarda.

Ka taɓa tambayata me ya hana in nemi aiki mai tsoka in haɗa da karatun. Bizar ɗalibi ce ta hana. Dole in kasance cikakkiyar ɗaliba kowane zango, aiki kuma awa 20 a mako iyaka lokacin karatu, shi ma a cikin jami'a. Babban tallafin horarwa na gwamnatin Amurka a wannan fanni na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, mu ba ma ciki. Da aikin taimaka wa malami a bincike da koyarwa nake biyan kuɗin makaranta da na zama. Yana isa, kar ka damu. Amma ɗiyarmu ta san da wannan tun yanzu, kada ta karɓi gurbin digirgir da ba a rubuta mata tallafinsa a takarda ba.

Kundina a kan mudu ne. Ina so in gano ko waɗannan takardun tambayoyi, in an juya su wani harshe, suna auna abin da suke aunawa a Turanci, a tsakanin matan da suka yi ƙaura daga Afirka ta Yamma suka haihu a nan. Ka gwada da Hausa ka gani. In ka tambayi mace ko tana baƙin ciki, za ta iya ɗauka kana tambayar ko an yi mata rasuwa, ta ce a'a. Amma ita ce za ta ce maka tunani ya yi mata yawa, ƙirjinta ya yi nauyi, jikinta ya mutu, ba ta jin daɗin komai. Masu magana da harshen Shona a Zimbabuwe suna da kalmar da ke nufin yawan tunani, kufungisisa, har ta shiga DSM a bugun 2013. In takarda ba ta da gurbin irin wannan amsa, sai a rubuta mace lafiyarta ƙalau, ta koma gida da abinta.

Akwai darasin da ya taɓa ni fiye da yadda na zata. A 1932 wani likita ɗan Nowe, Ørnulv Ødegaard, ya gano 'yan ƙasarsa da suka yi ƙaura zuwa jihar Minesota ta Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida shiga asibiti da sikizofireniya. Shi ya ɗauka masu rauni ne tun asali ke barin gida. Daga baya aka ga irin haka a Ingila a tsakanin mutanen da suka zo daga Karibiyan, har da 'ya'yansu da aka haifa a can, alhali a ƙasashen Karibiyan irin su Jamaika da Tirinidad adadin bai hau haka ba. Aka kuma lura a Landan haɗarin ya fi yawa a unguwannin da mutum ba shi da 'yan'uwa masu kama da shi. Ina zaune a aji ana wannan bayani, ni kaɗai ce irina a ɗakin. Kada ka tsorata, lafiyata ƙalau, kuma ciwon ba kasafai ba ne ko a cikin baƙi. Amma tun ranar na daina ɗaukar kaɗaici ƙaramin abu, na nemi mutane, kuma na gane shirun da na yi muku wata uku ba dabara ba ce.

Ka san abin da ya kawo ni wannan fanni ko ban faɗa ba. Kawu yana da shekara ashirin da 'yan kai abin ya same shi, daidai shekarun da littattafanmu suka ce ya fi farawa ga maza. Ina ƙarama, abin da na tuna shi ne ɗakin da ba a son mu shiga, da yadda ake sauya magana in baƙo ya tambaya. Ya yi shekaru a haka har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Babu rajistar da sunansa ya shiga, babu adadin da ya ƙirga shi. Da masu dubawa suka tambaye ni su wa suka ɓace, shi na fara tunawa. Ƙasa ba ta ware wa ciwon da ba a ƙirga ba kuɗi, ba ta horar masa da ma'aikata. An gano a binciken Amurka na farkon shekarun 2000 cewa rabin waɗannan lalurori sun riga sun fara kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kafin 24. Yaran da ke gabanka a aji ke nan, Yaya.

Ka ce wa ɗiyarmu ta aiko mini da takardar sakamakonta in duba, kuma in akwai kwas na ƙididdiga da za ta iya ɗauka kafin ta gama, ta ɗauka ko da ba dole ba ne. R kyauta ce, ta sauke ta a kwamfuta ta fara taɓawa. Takardar dalilinta kuma ta rubuta da kanta, ni zan gyara amma ba zan rubuta mata ba.

In za ka ba Inna labarin jarrabawar, ka fara da cewa na ci. Sannan ina da roƙo ɗaya, in ka ga ranta a sake, ba dole. Ka tambaye ta kalmomin da Kawu ke amfani da su in yana faɗar abin da yake ji, a farko-farko kafin abin ya yi nisa. Ba don kundi ba, ba zai shiga ko'ina ba. Ni nake so in sani.

A gaida Inna sosai, a ce ina neman addu'arta, kariyar tsarin binciken tana nan tafe kafin ƙarshen zango mai zuwa. A gaida matarka da yara duka. Zan kira ranar Lahadi in sha Allahu.

Ƙanwarka,
Auta